Azarar Lakwal Mai Baka

Rana ta riga ta faɗa bayan gidajen yamma, jan da ta bari a kan bangayen Agadas yana dusashewa a hankali, lokacin da Zuwaira ta sauke tukunyar tuwo ta kira ɗiyarta ta kawo kwanuka. Ladanin unguwa ya gama kira, na can nesa bai gama ba. Husna tana zaune a ƙasan matakalar sabon benen mahaifinta, ardwaz, ɗan allon rubutu, a cinya, alli a hannu, tana so ta ƙarasa wani lissafi kafin duhu ya cinye rubutun. Ajin ƙarshe take, kuma tun da ta shiga lakwal, makarantar boko, ba a taɓa kiran sunan wani kafin nata ba.

Guntun tubali na farko ya faɗo tsakiyar gida, ya tarwatse kusa da murhu. Zuwaira ta ɗaga murya ta yi wa yaran titi faɗa, amma ba ta ji gudun kowa ba. Na biyu ya faɗa cikin kwanon miya. Ta duƙa ta ɗauki ɓarin, ta juya shi a tafin hannunta. Jar ƙasa ce tsohuwa, haɗe da ciyawa da kashin jaki, da ɗumi a jikinta kamar yanzu aka ɓamɓaro ta daga bangon da ya wuni a rana. Gidansu kuwa siminti ne tun daga tushe har sama.

"Inna," Husna ta ce a hankali, "ba daga waje suke zuwa ba. Daga bene suke saukowa."

Babu kowa a bene. Maigidan, Alhaji Alkasum, yana masallaci, makullin ɗakin kuma yana aljihunsa. Suna tsaye suna kallon taga, sai ƙara ta fito daga ciki, mai nauyi, mai daɗewa a kunne, irin ta tsohon ƙarfen ƙafar mota in an doke shi da guduma. Ardwaz ya zame daga hannun Husna. Ta miƙe ƙyam, hannaye a gefe, haɓa a sama, kamar yadda yara ke yi in an shiga layi. Uwar ta kira sunanta, ta sake kira, ta girgiza kafaɗarta. Yarinyar ba ta ƙyafta ba sai da duhu ya gama rufewa.

Duk wanda ya girma a unguwar ya san wannan ƙara. Ta ƙarfen kiran yara na Lakwal Mai Baka ce, lakwal ta farko da aka gina a wannan ɓangare na gari tun zamanin Nasara. Da aikin tilas aka ɗaga ta. Mazan unguwa suka haƙo ƙasa daga kududdufin bayan gari, mata suka ɗauko ruwa a ka, raƙuma suka jawo itatuwan goruba daga bakin koramar Telwa don azara. Bangon yana da kauri har yaro kan zauna a cikin taga ya miƙe ƙafafu, sai dai an kafa tagogin can sama, ƙanana, don kada ido ya kai titi. A gaban azuzuwan akwai doguwar rumfa mai ginshiƙai da aka lanƙwasa kawunansu kamar baka, daga nan ta samo sunanta. Ko a tsakiyar bazara cikinta sanyi ƙalau. Manyan gari sun ƙi ba da 'ya'yansu a farko, suka tura na barorinsu a madadi, su ne suka fara zama a kan yashin ɗakunan. A ƙarshen rumfar kuma akwai wani ɗan ɗaki marar taga da ake kira kasho, inda mushe, malamin lakwal, kan kulle yaron da ya ƙi ji ko ya kasa karatu.

Alkasum ya san kasho fiye da yadda ya san allon bango. Ya bar lakwal da ƙyar yake rubuta sunansa, ya yi dako, ya yi yaron mota, har Allah ya kai shi ramukan zinariya na Cibarakaten, ya dawo da abin da ya mai da shi Alhaji. Da ruwan wata damina ya tsaga bangon tsohuwar lakwal aka yanke shawarar rushe ta a gina ta siminti da rufin kwano, yana nan tsaye ranar da aka kayar da rumfar, yana dariya. Ya sa aka lodo masa azarar, baƙaƙe, masu nauyi, waɗanda gara ba ta taɓa samun hanya a jikinsu ba. Ya jera su a rufin ɗakin baƙi na sabon benensa, aka zuba kankare a kansu, aka goge cikinsu da mai suna sheƙi.

Da ya dawo daga masallaci Zuwaira ta nuna masa tubalin, ta faɗa masa abin da ta ji.

"Yunwa nake ji," ya ce. "Ki kawo tuwo."

Daga ranar, magariba ba ta ƙara shiga gidan da lafiya ba. Da zarar inuwa ta haɗu da inuwa, sai ƙarfen ya yi ƙara, sai muryoyi su biyo baya daga ɗakin da ke kulle, muryoyin yara masu yawa, siraran gaske, suna ja tare, ba, be, bi, bo, bu, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wani lokaci sai su yanke gaba ɗaya, a ji saukar tsumagiya, a ji wani ƙaramin kuka da ake ƙoƙarin haɗiyewa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Awakin gidan suka daina cin abinci da yamma, suna tsaye suna kallon bango.

Husna kuma ta fara canzawa. Da rana tana nan yadda take, sai dai rama da ciwon kai. Da yamma tafiyarta kan zama ta wani, hannaye a baya, taku a hankali, daga wannan bango zuwa wancan. Wata magariba ta tono muƙamuƙin akuya daga juji, ta zura masa igiya, ta zo ta tsaya a gaban uwarta. Zuwaira ta ce, "Husna, mi ke nan?" Yarinyar ta rataya mata shi a wuya. Zuwaira ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta ji labarin sambol, ƙashin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a kalas, wato aji, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Ta fizge shi ta jefar, ta ce a'uzubillahi.

"À genoux," wata murya ta ce daga bakin Husna, muryar namiji, busasshiya, tana ba da umarnin durƙuso da Faransanci.

Yarinyar ce ta faɗi a kan gwiwoyinta, a kan tsakuwar da ta rage daga aikin gini, hannaye a shimfiɗe. Zuwaira ta kama ta za ta ɗaga, ta ji kamar an dasa ta. Duk kalmar da uwar ta furta, sai gwiwoyin su ƙara nutsewa cikin tsakuwa, sai jini ya ƙaru. Idanun Husna na nan, nata ne, suna zubar da hawaye suna kallon uwarta, bakin ne ba nata ba. A ƙarshe Zuwaira ta je da kanta ta ɗauko ƙashin, ta rataya a wuyanta, ta yi shiru. Nan take yarinyar ta kife gefe. Haka ta zama: daga faɗuwar rana Zuwaira bebiya ce a gidanta, tana tuƙa tuwo da ƙashin akuya yana lilo a ƙirjinta.

Alkasum ya ce iskanci ne da yawan karatu. Yana shirin walimar buɗe bene, ya gayyaci manyan abokan zinariya, ba ya son a ce gidansa da mutanen ɓoye. Wata yamma ya kwance ɗamararsa ya hau ta da duka a tsakiyar gida. Bayan yarinyar ya fashe, muryar kuwa tana cewa "Encore," wato a ƙara, cikin natsuwa, kamar mai koyar da ɗalibi. Da hannunsa ya gaji, ya ja ta ya jefa ɗakin ajiyar hatsi, ya sa sakata. Ya juya zai tafi ke nan, aka kira shi daga ciki, da irin jan sunan da bai ƙara ji ba tun yana yaro.

"Alkasum Murtala!"

Ƙafafunsa suka haɗe da kansu. Bakinsa ya buɗe zai amsa, ya kama shi da hannu. Zuwaira ta ga gumi yana bin wuyansa. Kashegari ya aika mota Ingal a ɗauko Malam Tijjani.

Malam Tijjani tsoho ne siriri, mai ƙaramar murya, wanda aka sani da ruƙiyya tun daga Ingal har Adarbisinat. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shayi, ya ce a nuna masa gidan. Ya daɗe a ɗakin bene yana kallon rufi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a nan, aka kawo Husna aka kwantar, aka lulluɓe ta da zane, aka sa turare a kasko. Alkasum ya zauna a jikin bango. Zuwaira ta tsaya a bakin ƙofa, ƙashin a wuyanta, don rana ta fara sunkuyawa.

Malam ya fara karatu a hankali, kusa da kunnen yarinyar. Haske yana janyewa daga taga. Babu ƙarar ƙarfe a wannan yamma, babu muryoyin yara, sai wani shiru mai nauyi da ya danne ɗakin har hayaƙin turare ya daina tashi tsaye. Can sai yatsun Husna suka fara karkarwa, bayanta ya gantsare, ta tashi zaune kamar an jawo ta da igiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni," muryar nan ta ce daga bakinta.

"Wane ne kai?"

"Na girmi kakan kakanka. Suna kuwa ba zan ba ka ba."

"Mi ya kawo ka jikin yarinyar da ba ta yi maka komi ba?"

Kan Husna ya ɗaga a hankali, ya dubi azarar. "Gidana ne wannan. Tun suna tsaye da ganye a bakin Telwa nake cikinsu. Aka zo da gatari da dogaran Nasara masu jan hula, aka sare, aka ɗaura wa raƙuma. Na biyo gidana. Aka kwantar da ni a kan bangon ƙasa, na ce to, ƙasa uwa ce, akwai sanyi, na zauna. Ina sama, yara suna ƙasa. Na ga wanda aka kawo da igiya a ƙugu yana kiran uwarsa. Na ga mushen farko, na ga na ƙarshe. Ban taɓa kowa ba. Ina kallo ne kawai, ina koyo."

"Mi ka koya?"

"Abin da kuka gani. Abin da aka koyar a gabana shi nake koyarwa." Idanun suka juya kan Alkasum, leɓunan suka yi wani murmushi da bai dace da fuskar yarinya ba. "Wancan ma ɗalibina ne. Shi ne mai jiƙa wandonsa a kasho, yana tona bango da farce. Har ranar da aka rushe, sawun farcensa yana nan."

Alkasum bai ɗaga kai ba. Jijiyar goshinsa ta tashi.

Malam ya ce, "An zalunce ka, amma ba ita ta zalunce ka ba. Ka ji tsoron Wanda ya halicce mu da kai. Ka fita."

"Zan fita. A ciro mini itacena daga wannan dutsen da ba ya numfashi. A mai da su bakin korama, ko a ɗora su a kan bangon ƙasa ko da na akurki ne. Shi ke nan abin da nake so."

Malam ya sauke numfashi, ya juya. "Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. A kira magina gobe."

"A ciro su?" Alkasum ya ce. "Kankare ke kansu. In an taɓa su rufin duka zai sauko."

"Sai ya sauko. A sake wani."

"Na riga na gayyaci mutane. Garin nan duka ya san na yi bene. So kake a ce Alkasum ya rushe gidansa da hannunsa don wani abu ya kira sunansa?" Ya matso kusa da Malam. "Allah gafarta Malam, ka tambaye shi wani abin. Rago, sa, raƙumi ma."

"Ba na yanka wa aljani, kai ma ba za ka yanka ba." Malam ya mai da bakinsa kunnen yarinyar, ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin Husna ya dinga buguwa da ƙasa, kumfa ta fito, wani siririn jini ya biyo hancinta. Muryar ta yi ƙara, ta yi zagi da Faransanci, ta yi da wani harshen da ba wanda ya sani, sannan ta dawo tana haki.

"Ci gaba, Malam. Ni zan jure har asuba. Ita fa?"

Malam ya tsaya. Ya taɓa wuyan yarinyar, ya ji yadda jijiyar ke bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama.

"To ga wata," muryar ta ce, a hankali yanzu, kusan da daɗi. "Ya riƙe itacen. Na bar masa, zan koma korama in nemi wani. Amma ba a fitar da ni hannu sake sau biyu. Yarinyar nan a ƙarƙashin rufina ta koyi baƙi da lissafi, tun tana ƙarama ina jin muryarta ta fi ta kowa. Abin da ta ɗauka a gidana zan tafi da shi."

"Ba naka ba ne," Malam ya ce. "Ilimi na Allah ne."

"Ba kai na tambaya ba. Uban nake tambaya. Ko rufin, ko wannan."

Zuwaira ta manta da ƙashin da ke wuyanta. Ta faɗo cikin ɗakin a kan gwiwoyi, ta kama ƙafar mijinta. "Alhaji, don Allah. Don darajar iyayenka. Ɗaki ne fa, siminti ne da ƙarfe. Ita ke nan gare mu."

Bai dube ta ba. Ya ɗaga ido ya dubi azarar, yadda suke sheƙi a ɗan hasken da ya rage, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaya, da irin muryar da yake ciniki da ita a bakin rami.

"Karatun lakwal kaɗai? Ba ido ba, ba hankali ba?"

"Shi kaɗai."

"Alhaji, kada ka amsa masa," Malam ya ce. "Kada ka buɗa masa wannan ƙofa."

"Ni ma ban yi ba, ga ni kuwa," Alkasum ya ce. "Ya ɗauka."

Ƙaramin yatsan ƙafar Husna na hagu ya karkaɗa, ya miƙe, ya saki. Wata iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ratsa ɗakin ta fita ta taga, hayaƙin turare ya bi ta. Igiyar da ke wuyan Zuwaira ta tsinke da kanta, ƙashin ya faɗi. A waje, jakin maƙwabta ya yi kuka, aka ji yara suna wasa a titi, kamar an cire auduga daga kunnuwan gidan.

Malam Tijjani ya tofa wa yarinyar addu'a, ya naɗe buzunsa. Alkasum ya biyo shi matakala da abin sadaka a hannu. Tsohon bai karɓa ba, bai kuma yarda ya kwana a gidan ba. A bakin ƙofa ya ce, "Na sha ganin aljani ya nemi abu a hana shi. Yau na ga an ba shi."

Husna ta farka da safe ta gane uwarta, ta nemi ruwa, ta yi salla, surorinta duka suna nan. Da gwiwoyinta suka warke ta ɗauki jakarta ta tafi lakwal. Ta zauna a sabon kalas, ƙarƙashin kwano mai zafi, ta dubi allo, ta ga wasu farare-farare kamar sawun kiyashi a kan toka. Madam, malamar ajin, ta kira ta ta karanta. Ta miƙe, ta buɗe baki, ta tsaya. Yaran da suka saba kwafar aikinta suka fara dariya, ɗaya bayan ɗaya. Madam mace ce mai kirki, ta riƙa zama da ita bayan an tashi, ta kama hannunta suna zana baƙi ɗaya har ta iya. Kashegari sai a tarar babu shi, kamar an zuba ruwa a rairayi. Aka mai da ita ajin ƙanana, ta zauna a baya, gwiwoyinta sun fi teburin tsawo. Wata rana ta dawo ta rataye jakar a ƙusa, ba ta ƙara saukewa ba. Zuwaira ta bi malamai har ta gaji. Kowa ya ce babu kowa a jikinta, lafiyarta ƙalau.

Tubali bai ƙara faɗowa a gidan ba. Awaki suka koma cin abinci. An ɗaga walimar zuwa bayan zafi, ta zo daidai da ranar da ake kiran sakamakon jarrabawa a filin lakwal. Lasifika tana kawo sunayen har tsakiyar gida, kowane suna da guɗarsa. Husna tana duƙe gaban gawayi tana dafa shayin baƙi, tana jin sunayen ƙawayenta suna wucewa. Uwarta tana gefe tana yanka albasa, ba ta share idonta ba, ba ta kuma dubi ɗiyarta ba.

"Husna!" aka kira daga sama. "Shayin fa?"

Ta jera kofuna a faranti, ta hau matakala a hankali don kada ya zube. Ɗakin cike yake da manyan riguna da rawuna da ƙanshin nama. Ta durƙusa tana zubawa. Wani baƙo mai zoben zinariya ya kishingiɗa ya dubi rufi, ya yi ta kallo, ya girgiza kai.

"Alhaji, irin wannan itace ai ya ƙare a duniya. Ka sha tsada ke nan."

Alkasum ya miƙa hannu ya karɓi kofi daga hannun ɗiyarsa, ya kurɓa, ya gyara zama.

"Ko kusa," ya ce. "Kyauta na same su."